Kawu Tanimu da Babura Marasa Sallama

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gazara zuwa Makarfi ya san gindin darbejiyar nan ta bakin kwana, ya kuma san mai ita. Kawu Tanimu, yayan mahaifiyata, yana zaune kan buzu, sandar rake a hannu, kai a karkace kamar kaza mai kallon shaho. Tun babur bai ɓullo daga kwana ba zai ɗaga murya: "Isuhu, barka da asuba! Har yau ba ka canza baƙin mai ba?" Sai ga Isuhu ya ɓullo yana dariya. Da kunne yake gane kowa, kuma bai taɓa bari wani ya riga shi gaisuwa ba. Wannan ne abin alfaharinsa a duniya.

Kun tuna ranar da ya tsaya da taunar rake, ya yi kasaƙe, ya ce, "Babur dai na Liman ne, amma tuƙin ba na mai tsoron Allah ba ne"? Ashe ƙanen Liman ne ya ɗauko ba da izini ba. Kafin azahar zance ya kai gida.

To, da mai ya yi tsada, ni ne na fara kawo babur mai caji garin nan. Na sayar da tsohon nawa, na je Zariya na ɗauko shi, ina ta ɗoki Kawu ya sa masa albarka. Na zo har gaban buzunsa na tsaya, na ce, "Salamu alaikum, Kawu."

Wallahi sai da raken ya yi sama!

"A'uzubillahi! Habu, daga bishiya ka faɗo?"

"Babur na saya, Kawu, na lantarki."

Ya tashi ya shafa shi tun daga kai har wutsiya. "Ina salansar?"

"Babu."

"Tankin fa?"

"Babu. Caji yake ci, kamar waya."

"To babur ka sayo ko gawar babur?" Ya koma ya zauna yana karkaɗe riga. "Abin da ba ya sallama ɓarawo ne." Daga ranar kalmar ta zauna a bakinsa, har kyanwar gidanmu ta sha ta.

Mu dai dariya muka yi ta yi. Babura masu caji kuma suka ci gaba da yaɗuwa. Wani ya kafa sola a bakin kasuwa yana caji, Isuhu ya sayi nasa, masu kai tumatir daga Saulawa suka fara wucewa da keke mai ƙafa uku, shi ma shiru kamar ruwa. Sai mutane suka fara ƙorafi wai Kawu ya yi girman kai, a wuce ta gabansa a ɗaga hannu, ko kallo ba ya yi.

Malama Saratu ce ta gano. Ita ce ma'aikaciyar jinyar nan 'yar kudancin Kaduna, wadda kowace Lahadi in za ta coci Kawu kan ce mata, "A sa mu a addu'a, amma ban da masu baburan nan." Rannan ta tsayar da nata babur mai caji ta ce, "Baba, laifin me na yi aka daina gaishe ni?" Tana magana tana kallon idanunsa. Ta wulga hannu a gabansa, ko ƙiftawa bai yi ba. Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani tun shekaru, mu da muke cin tuwo kwano ɗaya da shi ba mu sani ba.

Ta ce a kai shi Zariya a yi masa aiki. Ya ce, "A'a, 'yata. In na ga fuskokinsu ai sai in daina gaishe su." Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Da kunne nake ganin garin nan. Kun sayo abin da ya kashe mini fitila."

Washegari bai fito ba, jibi ma haka. Gindin darbejiya ya zama wayam, kuma gaskiya abin ya dame ni ƙwarai.

Amma kun san Kawu da taurin kai! Ranar kasuwar Makarfi sai ga shi da buhun tarkacensa, shi da bai taɓa yar da ko marfin kwalba ba. Ya gitta sandarsa a hanya kamar mai shingen bincike. Duk mai babur na caji sai ya tsaya a ɗaura masa harshe. Isuhu ya samu gwangwanin madara da tsakuwa a ciki. Malama Saratu ta samu ƙararrawar akuya, ta ce, "Baba, ni ce akuyar?" Ya ce, "Ke ce mai daraja, su gwangwani na ba su." Ni kuwa tsofaffin cokula biyu ya ɗaura mini, wai don ba abin da na iya sai ci.

Mun gwada shi, ai dole. Muka yi musanya, na ɗaura gwangwanin Isuhu na taho a hankali. Tun daga kwana na ji shi: "Gwangwanin Isuhu ne, amma hanya na kuka! Habu, rage tuwo!"

Ranar da ya rasu, mutane suka zo daga Kudan, daga Ikara, hanya ta cika da kacau-kacau da ƙwaram-ƙwaram. Wani ya ce a kwance su, ba ranar hayaniya ba ce. Liman ya ce a bar su, ta yaya mai gida zai san waɗanda suka zo raka shi?

Cokulana suna nan a ɗaure. Har yau in na zo kwanar nan nakan rage gudu, in bi ta kan gargada don su yi ƙara sosai, in kasa kunne. Ina kewarsa, wallahi.

Allah ya jiƙan Kawu Tanimu, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a Aljanna. Allah ya sa mala'ikun rahama su zo masa da sallama, ya gane su tun daga nesa, ya riga su gaisuwa. Amin.