Ƙullin Bahago

Shekara arba'in Bahago yana murza igiya a rumfarsa ta bayan kasuwa, kusa da mai gyaran keke. Da hagu yake riƙe wuƙa, da hagu yake ƙulli, sunan ya bi shi ke nan. Aji uku ya yi a makaranta. Alfaharinsa ɗaya ne: duk igiyar da ta cukurkuɗe, zai zauna ya warware ta ba tare da ya yanka ba.

'Yarsa ta fari malamar lissafi ce. Wata Laraba ta zo masa da samfuri: igiya mai ƙulli ɗaya, irin wanda kowa ke yi, amma an haɗe bakinta biyu ta zama zobe. Guda talatin take so, iri ɗaya sak. Ranar Litinin masu duba malamai za su zauna a ajinta, kuma darasin nan ne zai sa a tabbatar da ita a aiki ko a sallame ta.

Kwana huɗu ya yi yana saƙa bakunan, ya gama ranar Lahadi. Da ta jera su kusa da samfurin, sai ta dafe kai. A nata igiyar tana nannaɗewa ta dama, nasa duka ta hagu.

"Baba, hannun nan naka ya ja mana."

Ya ce ta kwantar da hankalinta, juya su kawai za a yi. Ya kifa ɗaya, ya murɗa, ya zura shi ta cikin kansa. Wuri uku igiyar ke haye kanta, ba su ragu ba, ƙullin kuma ya ƙi komawa dama. Mai gyaran keke ya leƙo yana tsokana, wai yau igiya ta fi ƙarfin ubanta.

Wajen la'asar Bahago ya ɗaga zoben don ya duba shi a haske, idonsa ya faɗa kan madubin wani keke. Ya daɗe yana kallo.

"Zo ki gani, uwata. Ga irin naki can a cikin madubi."

Ta duba, ta fashe da dariya. Ta ce masana sun sha wahala kafin su tabbatar da haka: ƙullin nan ba ya kwancewa, kuma na hagu ba ya taɓa zama na dama sai a madubi.

Ranar Litinin ta shiga aji da zobba talatin, samfuri ɗaya, madubin keke na aro, da mahaifinta cikin sabuwar riga. Ta ce wa ɗalibai duk wanda ya mai da na hagu dama ya ɗaga hannu. Babban mai dubawa ma ya ajiye biro ya karɓi ɗaya, har aka kaɗa ƙararrawa yana fama.

An tabbatar da ita. Samfurin yana rataye a rumfa har yau, kuma idan baƙo ya tambaya, Bahago yakan miƙa masa ya ce ya gwada kwance shi, akwai kujera.