Zanen da Ruwa Ya Ƙwace wa Kaka

Da zarar ruwan damina ya fara dukan kwanon ɗakina a unguwar Maamobi da ke Accra, sai in ji maƙwabta sun ƙara muryar talabijin. Mutanenmu suna son kallon ambaliya kamar yadda suke son kallon ƙwallo. A jawo benci, a ɓare gyaɗa, a riƙa cewa "Allah sarki" da baki cike. Ni kuwa ba na leƙawa, domin na san wadda za a iya nunowa.

Kakata ce ta raine ni a unguwar Nima, a wani gidan haya da ke bakin babbar gota, kwatar nan da ke kwashe ruwan unguwa duka. Da safe takan sayar da koko a bakin titi, amma aikin da aka san ta da shi wankan gawar mata ne. Kullum jikinta ƙanshin kafur yake. Ta wanke matan fatake, ta wanke 'yan dakon Kasuwar Malam Atta da ba su da kowa a Accra, kuma ba a taɓa jin abin da ta gani daga bakinta ba. Ni da muke kwana ɗaki ɗaya ban taɓa ganin gwiwarta ba.

Wata shekara da hantsi gota ta cika ta tsallako cikin gida. Mun riga mun fita, sai Kaka ta koma don ƙunshin farin yadin da take ajiye wa matattun da ba su da mai saya musu likkafani. Ta fito ta ɗaga shi sama da hannu biyu, ruwa har ƙirji. Da ruwan ya ja zanenta, ba ta da hannun kamawa. Samari suka jawo ta kan gada, a daidai inda masu kyamara suke tsaye. Masu kyamarar da riguna a jikinsu, amma babu wanda ya tuɓe ya miƙa mata. Aikinsu suka ci gaba da yi.

Hajiyar da muke haya a gidanta ita kaɗai ke da talabijin mai kala a layinmu. Ranar ko taɓon tsakar gida ba a gama kwashewa ba, ta sa aka fito da shi baranda, ta aiki yara kiran mutane.

"Ku zo ku gani," in ji ta, "tsofuwan gidanmu ya shiga tibi. Kowa ya gan shi paa!"

Suka zo. Matan da Kaka ta wanke wa iyaye suna cikinsu. Wasu sun rufe baki da mayafi, amma kafaɗunsu na rawa. Ina tsaye bayan benci ina haddace fuskoki, kuma har yau babu wadda na manta.

Da sau ɗaya aka nuna, da an mance. Amma masu talabijin ajiye hoton suka yi. Kowace damina, ko a shataletalen Circle aka yi ruwan, ko a wani garin da ba mu taɓa zuwa ba, sai a sake sako Kaka da ƙunshinta a sama. Kowace damina kuma Hajiya sai ta fito da benci. Yara suka sa mata "Kaka Tibi". Ta daina fita da koko. Ni kuma na zama mafaɗaciya, na fasa wa 'yar wani baki a makarantar allo, ban kuma yi nadama ba.

Ana nan, wata damina, an taru ana kallo, sai Kaka ta ɗaga labule ta fito. Ta tsaya gaban akwatin ta kalli kanta har aka gama. Sannan ta juya.

"Hajiya, kin ƙoshi da kallo? Nawa yana nan zuwa. Ni kuma babu gilashi tsakanina da ke."

Babu wanda ya ƙara tauna gyaɗa. Kowa ya san Hajiya ta daɗe tana shafe-shafen man ƙara haske, fuska fes, amma ko wuyan hannunta ba ta bari a gani. Daga ranar talabijin bai sake fitowa baranda ba. Hajiya ta aiko da waakye, dafa-dukan shinkafa da wake, Kaka ta mayar. Ta aiko da turmin atamfa da sallah, Kaka ta mayar. Ƙarshe ta nemi wata mai wanka a Sabon Zongo, ta sa 'ya'yanta suka rantse ita za su kira ranar da ta mutu. Wallahi na ji daɗin ganin ramar da ta yi a shekarun nan.

Sai Allah Ya ɗauki ran Hajiya cikin damina, ranar da ruwa ya datse hanya a Circle, ko trotro ɗaya, motar haya, ba ya wucewa. Matar Sabon Zongo ta kasa ƙetarowa, gawa kuma ba ta jira. Babban ɗan Hajiya ya zo ya durƙusa a ƙofarmu. Lokacin na zama budurwa, ni ke zuba wa Kaka ruwa. Na shiga ɗakin nan zuciyata na cewa yau ce ranarmu.

Kaka ta shimfiɗa zane a kan gawar tun daga wuya har ƙafa. Hannunta na aiki a ƙarƙashi, idonta na kan bango, har muka gama. A waje matan nan na jere a benci ɗaya da na da, suna jiran labari.

"Kaka, yaya kin gan shi?" wata ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Na ga baiwar Allah," in ji Kaka, ta wuce.

A ɗaki na kasa haƙuri. Na ce, "Kaka, shi ke nan? Bayan duk abin da ta yi?"

Ta ce, "Mai rai ce ta yi mini dariya, kuma mai rai ta biya. Gawa ba ta yi mini komai ba."

Yanzu Kaka ta rasu. Ni na wanke ta, na ninka mata zane biyu. Amma hoton nan bai mutu ba, ya ma bar talabijin ya shiga wayoyi, har da kiɗa ake sa masa. Matar da ta suturta rabin Nima, nata jikin yana yawo a aljihun yaran da ba su san ta ba. Wannan ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Ni na gaji aikinta. Matan bencin nan sun tsufa, idan muka haɗu a kasuwa su ke fara gaishe ni, da hannu biyu, suna laluben fuskata. In ranarsu ta zo zan rufe su ruf, idona a bango, kamar yadda aka koya mini. Amma ban taɓa gaya musu haka ba.