Mai Ƙwallo da Hannun Aro

Da hantsi ya ɗaga, matarsa takan fito masa da benci ƙofar gida, ta ajiye masa kofin ruwa ta gefen hagu, domin hagun ne kaɗai ya rage masa mai ɗauka. Sai ya zauna, ya ɗora hannun dama a cinya, ya kasa kunne ga titi. Mota ba ta wucewa ba tare da ya yanke mata hukunci ba. Wata ya ce mai ita azzalumi ne, wata ya ce saura ƙiris ta kwanta. Ba wanda yake tambayarsa, shi ma ba ya jiran a tambaye shi. Haka yake yini tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya rufe masa gareji, aka mayar da wurin shagon sayar da waya.

Mai Ƙwallo ake ce masa, kuma yaran unguwa sun ɗauka tsohon ɗan wasa ne. A'a, makanike ne na irin tsofaffin motocin nan da ba su da sifirin. A kan kowace taya akwai ƙwallon ƙarfe, rabinsa iska, rabinsa koren mai, shi ke shanye gargadar hanya. In an tayar da inji motar ta miƙe, in an kashe ta durƙusa kamar raƙumi. Idan iskar ƙwallon ta zurare, mota takan sandare, kowane rami ya zarce kai tsaye cikin ƙashin wanda ke ciki. Canza ƙwallayen nan shi ne aikin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai.

Na rubuta wannan ne saboda halinmu ya ishe ni. Ba ma yabon mutum sai mun dawo daga binne shi. To wannan yana nan da ransa, kunnensa garau, gara ya ji.

Waɗanda suka san shi a gareji sun shaida abubuwa. Shi ne makaniken da ke wanke hannu kafin aiki, domin a cewarsa ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga man nan ta isa ta kashe mota. Wani tsohon direba yakan ba da labarin ranar da ya kutsa ƙarƙashin motarsa ba tare da an tokare ta ba. Bai ankara ba sai ya ji an fizgo shi ta ƙafa, kafin ya buɗe baki ya yi masifa mota ta sauka daidai inda ƙirjinsa yake. Mai Ƙwallo ya zage shi tas. Direban ya ce bai taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bayan hannun ya mutu.

A bayan layinsu akwai wani tsohon tela mai irin wannan mota. Matarsa na fama da ciwon ƙashin baya, kuma dole a riƙa kai ta asibiti a kai a kai, ta hanyar da ba ta da kyau ko kaɗan. Ƙwallayen bayan motar sun mutu. Tela ya zaga gareji-gareji, kowa ya leƙa ya ce ba su san kanta ba, ya sayar kawai. Ya gwada motar haya, abin ya fi muni. Rannan sai matar ta ce ta gama. "Ku bar ni a gadona," in ji ta. "Ciwon hanya ya fi ciwon da kuke kai ni a yi wa magani."

Tela ya zo ya tsuguna gaban benci. Mai Ƙwallo ya saurare shi har ƙarshe, ya ɗago hannun dama da na hagu ya nuna masa.

"Wanda kake nema ga shi nan, ya riga ni tafiya. Ka yi haƙuri."

Kunya ce ta hana shi, ba ƙeta ba. Mutumin da aka san shi da hannu ba ya son a ga sifana tana zamewa daga yatsunsa. Sai dai bayan kwana biyu ’ya’yan matar suka lallashe ta ta yarda a sake gwadawa, motar ta biyo ta ƙofar gidan Mai Ƙwallo. Akwai wani ɗan rami a wurin, wanda ko mai keke ba ya kaucewa. Taya ta faɗa, ya ji ƙarar ƙarfe, sannan ya ji muryar mace ta kira sunan Allah da irin muryar da ba a mantawa. Motar ba ta kai ƙarshen layi ba ta juyo gida. Ranar bai iya cin abinci ba.

Washegari ya sa matarsa ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Ƙwallaye biyu ne sababbi, naɗe cikin tsumma, waɗanda ya adana don tasa motar kafin ciwo ya raba shi da tuƙi. Ya rataya su a kafaɗa, ya ja ƙafa har tsakar gidan tela.

"Tashi, mai allura. Yau kai ne hannuna. Je ka wanke shi da sabulu."

"Ni da ko fitilar mota ban taɓa canzawa ba?"

"Shi ya fi. Wanda bai iya ba ya fi wanda ya ɗauka ya iya sauƙin koyarwa."

Aka ajiye masa kujera kusa da tayar baya. Ya sa aka ɗaga motar, aka tokare ta da itace mai kauri, ya zungure shi da sanda don ya tabbata. Aka sauke libar da ke ɗaga motar ƙasa, aka sassauta wani ɗan noti a wajen inji har matsin mai ya huce. Sai tela ya kwanta a kan buhu, ya naɗa sarƙa a jikin tsohon ƙwallon, ya ja. Ƙwallo ya ce bai san zancen ba. Tsofaffi biyu, ɗaya na nishi a ƙasa, ɗaya na masifa a sama.

"Haba tela, wando kake ɗinkawa? Ja da ƙarfi!"

"Ka zo ka ja mana, tunda baki ne da kai!"

Maganar ta fita daga bakin tela kafin ya kama ta. Mai Ƙwallo ya dubi cinyarsa, ya ce a hankali, "Ja dai." Tela ya ja, ƙwallo ya saki, koren mai ya tsiyayo masa a hannun riga.

Ya goge bakin wurin, ya tsoma sabon zoben roba a mai, ya zaunar da shi a gurbinsa kamar yadda aka faɗa masa, ya soma murɗa sabon ƙwallo. Da ya ji ya tsaya, sai ya miƙa hannu zai ɗauko sarƙa ya ƙara tamkewa. Matarsa ce za ta zauna a kai, ina zai bar shi sako-sako?

"Ajiye! Sarƙa ta kwancewa ce. Ƙwallo da hannu ake ɗaure shi, hannu ke sanin inda ya isa. Ka matse da ƙarfe, ka tsinke robar."

Mai Ƙwallo ya sauko daga kujera da ƙyar, ya ja jiki a ƙasa, ya ɗauki hannunsa na dama ya ɗora a kan ƙwallon. Ya daɗe a haka, ido rufe, yana jiran abin da hannun nan ya saba gaya masa. Bai ji sanyin ƙarfe ba ma. Hagun kuwa bai taɓa koyon wannan ba. A nan ya tabbata aikinsa ya ƙare, kuma baƙin cikin da ya ji ya fi na ranar da ya faɗi. Hawaye ya gangaro masa cikin kunne, bai ɓoye ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Tela, ba na jin komai. Kai ka gaya min, me ka ji?"

Tela ya sake kamawa. "Ya zauna. Kamar in na ɗaure zaren keke, in na ƙara zai tsinke."

"To nan ne. Kada ka ƙara."

Suka yi ɗaya gefen. Aka tayar da inji, motar ta miƙe a hankali, aka zare itacen. Tela ya danna bayanta, ta lotsa ta dawo lumui.

Da ƙyar matar ta yarda ta shiga. Tela ya ce yana tuƙi yana jiran kukanta a kowane rami, shiru. Sai da suka kai kwanar asibiti ya ji muryarta daga baya.

"Malam, yaushe aka sare bishiyar nan?"

An daɗe da sare ta. Ta wuce ta wurin sau ba adadi, amma ido a runtse saboda azaba. Tela ya ce gefen titi ya gangara ya tsaya, ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka.

Ba zan yi ƙarya ba, ba ta warke ba, likitoci ma ba su yi alkawarin komai ba. Amma tana zuwa asibiti, ba ta ƙara cewa a bar ta ba. Shi kuwa Mai Ƙwallo bai sake taɓa mota ba tun ranar, kuma ya ce ba zai sake ba.

Kai ne maganin gargada, Baba. Kai ne ka ja jiki a ƙasa gaban mutane da hannun da ba ya ji, ka haɗiye kunyarka don wata baiwar Allah ta samu sauƙi. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiya. Mu kuma da hannayenmu biyu ke aiki, ya kamata mu ji nauyi. Duk wanda ya iya wani abu, kada ya jira sai an roƙe shi sau biyu. Wanda kuma hanya ta biyo da shi ta gaban bencin nan, ya tsaya ya gaishe shi, ya miƙa masa hannu ta hagu.