Na Ce Na San Su

A lokacin kullen korona, wani saƙo ya shigo wayata daga wata ƙungiya da ta ce tana saya wa asibitoci iskar numfashi. Ba ta karɓar taimako ta banki, sai ta kuɗin intanet da ake kira kirifto. Hotunan marasa lafiyar sun taɓa ni. Da yake yawancin abokan sana'ata a Kasuwar Gombe ba sa karanta Turanci, na tura musu saƙon murya da Hausa da Fulatanci, har na ce na san mutanen, alhali ban san su ba.

Maƙwabciyata a Tudun Wada, wata tela 'yar Tangale da ita ma ta ji saƙon nawa, ta ba da kwasar adashinta dungurungum. Da gaskiya ta bayyana cewa ƙungiyar ta bogi ce, na je shagonta da ƙafata.

Ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "Baba, ni fa ban san wani kirifto ba, kai na sani."

Na ce, "Ƙarya na yi miki, 'yata."

Sai ta turo mini kujera. Wasu a kasuwa har yau daƙyar suke amsa gaisuwata. Ita kam ba ta fasa ɗinka wa jikokina kayan sallah ba.