Dutsen da maigidana ya kafa a tsakar gida

Shekarun baya can, lokacin da muka kammala ajin yaƙi da jahilci a Dogo Nini, na cika baki. Na ce wa matan ajinmu su zo gidana, ni da kaina zan ɗauke mu hoto.

Maigidana mai hoto ne. Tun yana aiki da kyamara mai fim ya kafa wani dutse a tsakar gida. In ka taka shi, ka fuskanci bangon ɗakina, kowa zai shiga hoto. Nan ya koya min dannawa. A satin nan ne ya sayo kyamarar dijital, ya kwance gilashin tsohuwar ya ɗaura mata, don ya ce ba shi da kamarsa. Ranar taron kuwa ya ɗaura wa tsohuwar kyamarar wani gilashin, ya tafi Damagum biki da ita, ya bar min sabuwar.

A cikinmu akwai wata dattijuwar Bafulatana da muke kira Inna. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba, kuma da la'asar ɗanta zai zo ya mayar da ita ruga. Da matan suka jera a jikin bangon, saboda kunya, can ƙarshen layi ta rakuɓe.

Na taka dutse, na yi bisimilla, na danna. Da na duba bayan kyamarar, babu Inna. Gefen mayafinta kawai. Ta ɗaya ɓangaren kuma malamarmu rabi ce. Na sake, haka. Na goge gilashin da bakin zani, haka dai.

Wata ta ce, "Maman yara, ko dai takardar shaidar taki ma a karɓe?"

Aka kwashe da dariya. Inna ta ce a hankali, "Ki bari, 'yata. Ni dama ba ta hoto ba ce."

Maganar nan ta taɓa ni. Na kira maigida a waya, na ce na lalata masa kaya.

Ya ce, "Ba ki lalata komai ba. Gilashin yana nan yadda yake. Abin da ke karɓar hoton a cikin sabuwar ne bai kai fim faɗi ba, shi ya sa take yanke gefe. Ja da baya."

Na ce, "Malam, a kan dutsen fa nake."

"Dutsen na tsohuwar ne. Sauka."

To bayana kuwa garken awaki ne. Na tattare zani na shiga, ina ja, ina leƙawa. Wata akuya ta kama bakin hijabina tana tauna. Mata suka fashe, har Inna ta saki mayafi tana dariya, haƙora waje. Daidai nan na danna. Kowa ya shiga.

Da aka wanke, ni na rubuta sunayensu a baya da hannuna, na Inna a farko, na aika mata ruga. Ɗanta ya ce min a cikin ƙwaryarta ta ado take ajiye shi.

Har yau in wani abu ya ƙi min, kafin in ce ya lalace, nakan duba inda na tsaya. Dutsen kuma yana nan. A kai nake zama in tsince shinkafa.