Tsagar Sidi Sale

Katsina zuwa Kano

Ban jira kiran assalatu ba na fito da jakata ƙofar gida, domin direban da zai kai ni Kano irin mutanen nan ne da ba sa jiran kowa. A Kankiya muka yi asuba. A shingen Bichi wani soja ya buɗe zabirata, ya ga asake da ƙoshiya, ya dube ni sama da ƙasa. Na ce masa ni wanzami ne, ɗan wanzami, in yana son gyaran fuska ya zauna. Ya yi dariya ya ce mu wuce.

Umara ce ta ɗaga ni, amma akwai wani saƙo a kanta. Sabi'u, ɗan ƙanena da ke tuƙi a Madina, shi ya bugo mini. Ya ce akwai wasu Hausawa haifaffun can, jikokin mahajjatan da suka tafi a ƙasa tun zamanin da, suna haɗuwa duk Juma'a don sa kai, suna koya wa yaransu Hausa, suna bin diddigin garin kakannin kowa. Kowa an samo masa garinsa, ban da wani tsoho guda da ake kira Sidi Sale. Iyayensa sun rasu a Sudan yana goye, wata Babarbariya ta cikin ayarin ta ƙarasa da shi Hijaz. Ba sunan uba, ba sunan gari, sai tsagar da ke fuskarsa. Ga shi jiki ya fara ƙi.

"Baba," in ji Sabi'u, "kai kaɗai na sani da ke karanta fuska."

Maganar ta taɓa ni. Rabon da wani ya tambaye ni ma'anar tsaga har na manta. Sana'ar gidanmu ta koma kaciya da aski, askin ma yara sun tafi wurin masu inji.

Jidda da Makka

A filin jirgin Kano aka raba ni da zabirata, aka ce sai cikin manyan kaya. Na yi mita har muka tashi. Mun sauka Jidda da yamma cikin harami, mota ta wuce da mu Makka. Abin da na ji da na ga Ɗakin Allah ba na takarda ba ne, na bar shi a zuciyata. Da na gama Umara, wani Bafakistane ya aske ni da inji cikin gaggawa kamar yana figar kaza. Na biya shi ina haɗiyar magana.

Daga nan jirgin ƙasa na hau. Ban gama kallon duwatsu ba aka ce ga Madina. Na tuna da waɗanda suka yi shekaru suna tafiyar nan da ƙafa, suna binne nasu a hanya, sai na ji kunyar kujerar da nake kai.

Anbariyya

Sabi'u ya sama mini ɗaki a unguwar Anbariyya, a saman wani shagon dabino. Da safe ya kawo burodin tamis da wake, na ci don dole, raina yana wurin koko da ƙosai. Bayan mun yi ziyara mun dawo, shugaban masu sa kan ya zo gaishe ni. Ustaz Abdulmajid sunansa, malamin makaranta ne, dogo, mai natsuwa. Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe, Larabci yana tallafe ta.

"Ahlan, ya ammi. Wallahi mun ji daɗi. Yaranmu suna fahimta, bas in ka yi musu Hausa, da Arabi suke amsawa. Muna so su san, ya'ni, ba daga sama muka faɗo ba."

Ya ce Sidi Sale kakansa ne na wajen uwa, sidi ɗin ma kaka yake nufi a bakinsu. Duk shekara tsohon yakan tsaya a harabar masallaci lokacin aikin Hajji yana duban fuskokin mahajjata. Wasu su ce masa Bagobiri ne, Gobirawa su duba su ce ba tasu ba ce. Wasu su ce Zamfara. Ya gaji ya daina zuwa.

Ranuna

Ranar Juma'a bayan la'asar muka nufi unguwar Ranuna, kusa da Kuba, inda suke hayar wani gidan shaƙatawa da suke kira istiraha. An shimfiɗa dardumomi a tsakar gida. Wani Bakano yana koya wa matasa gaisuwa, suna cewa "ina wuni" kamar masu tauna tsakuwa. A gefe ana gasa tsire da ƙuli, ƙamshinsa ya sa na ji kewar gida ta taso mini, ni da ban yi ko wata guda da barinsa ba.

Aka turo Sidi Sale a keken marasa lafiya. Farin gemu ya cinye rabin tsagar, tsufa ya nannaɗe sauran. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da tsohuwar Hausa mai gardin Barno. Layukan da ke kumatunsa suna da yawa, sun taru a gefen baki. Na gane abin da ya ruɗa mutane, kowa kumatu kawai yake kallo.

"Baba, a cire mayafin kan nan da hula. Zan ɗan aske gefen kai."

Ustaz ya dubi kakansa, tsohon ya gyaɗa kai. Na jiƙa gashin, na wasa aska, na share saman kunne. Ga su nan kuwa. Tun daga cikin gashi layukan suka taso, suka gangaro, suka karye suka nufi baki. Ta Gobir ba ta hawa can. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, hannun wanda ya yi aikin mai kyau ne, Allah ya jiƙansa.

Ustaz ya riga ya miƙo mini lasifika, matasa sun ɗaga wayoyi, ana jiran jawabi. Ni kuwa bakin Bakatsine ya riga hankalina.

"Af! Ashe bawana ne! Duk nisan nan da na sha, ashe wurin Bakabe aka kawo ni. Tashi ka ɗauko mini takalmina, mai ƙarnin kifi!"

Wayoyi suka sauka. Fuskar Ustaz ta canza, ya karɓe lasifikar daga hannuna.

"Aib, ya ammi! A gabanmu ka kira sidi bawa? Halas, ya isa."

Sai a lokacin na tuna inda nake. A ƙasar nan kalmar ba ta wasa ba ce, baƙar fata da yawa sun sha jin ta da gaske. Mai gashin tsiren ne ya cece ni, wani mutumin Damagaram, ya taho yana dariya har da riƙe ciki.

"Ustaz, yi sabur, yi haƙuri! Wasa ne na gado. Bakatsine da Bakabe ba sa haɗuwa su rabu lafiya. Ba ya kiran kowa haka a duniya sai abokin wasansa irin mutumin Kabi. Shaida ce ya ba shi."

Sidi Sale ya kamo hannun rigata.

"Me ka ce ni?"

"Bakabe, Baba. Mutumin Kabi."

"Sake faɗa."

Na sake. Ya riƙa shafa wurin da na aske. Can ya juya wurin mai tsire ya ce, "To ni me zan ce masa?" Mutumin ya sunkuya ya raɗa masa a kunne. Tsohon ya gyara zama, ya nuna ni da yatsa.

"Kai ne bawan! Ɗan Katsina, ga girman kai, ga aljihu wayam!"

Ya fashe da dariya, hawaye suna bin layukan fuskarsa. Matasan suka ruɗe da tambaya, kowa yana so a gaya masa wane ne nasa abokin wasan. Ustaz ya rungume ni yana ba ni haƙuri, ni ma ina ba shi.

Kafin magariba tsohon ya sa na ba shi labarin Kabi, na gaya masa gulbi da fadamun shinkafa da masunta. Ya ce likita ya hana shi hawa jirgi. "In ka koma," in ji shi, "ka je ka gaya musu ina nan."

Kano, Sakkwato, Argungu

Da na sauka Kano ban nufi gida ba. Na shiga motar Sakkwato, muka bi ta Funtuwa da Gusau, kowa bakinsa da addu'a saboda halin hanyar. Na kwana a wurin wani abokin sana'a, da safe na kama motar Argungu.

A bakin gulbi na tarar da dattawa a inuwa suna gyaran komar kamun kifi. Uku daga cikinsu suna da irin tsagar. Samarin da ke wanke jirage kuwa fuskokinsu sumul. Da suka ji harshena suka fara yi mini tsiya, na rama, sannan na zauna na ba su labarin Sidi Sale. Babu wanda ya san iyayensa, babu sunan da za a kama. Na ji ba daɗi, amma na kira Ustaz ta waya mai hoto, ya kai ta gaban kakansa.

Babban dattawan ya karɓi wayar, ya kawo ta kusa da ido. Ya daɗe yana kallo. A can Madina Sidi Sale yana kallon fuska irin tasa a karon farko. Dattijon ya juya nasa kumatun ya nuna masa, sannan ya yi magana kamar wanda ya aiki yaro kasuwa.

"Kai ɗan'uwa, mi yat tsai da kai hakanga?"

Sidi Sale ya share ido da gefen mayafinsa.

"Hanyar ce ta yi nisa," in ji shi.

Katsina

Kwana biyu bayan haka na iso gida ana kiran magariba, iyali lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Sabi'u da Ustaz Abdulmajid da mutanensa. Allah ya ƙara wa bawana lafiya, ya sada shi da danginsa a inda ba a rabuwa.