Yadda Gwaggo Tela Ta Hau Auta

Gwaggo Tela, ƙanwar mahaifina, ta shafe fiye da rabin rayuwarta a kan keken ɗinki na ƙafa, a wani ɗan ɗaki da tagarsa ke kallon titi. Ba ta taɓa yin doguwar tafiya ba. Amma da za a auna tafiyar da ƙafafunta suka yi a kan fedar keken nan, da tuni ta zagaye duniya ta dawo ta tarar da shayinta bai huce ba. Gajeriya ce mai saurin magana, kuma kullum akwai fil a bakinta, saboda haka ko faɗa za ta yi, da gefe ɗaya na baki take yi. Wannan ya taimaki unguwa ƙwarai, don rabin faɗan kawai ke fitowa.

Mijinta tsohon ma'aikacin gidan waya ne, har yau Mai Wasiƙa ake ce masa. Yana da wani tsohon babur ja da ya raɗa wa suna Auta, saboda ya zo bayan duk yaran gidan, kuma ya fi su samun kulawa. Kowace safiya sai ya goge Auta da tsumma kafin ya wanke tasa fuskar. Yaran sun daɗe da yafe wannan. Kowace yamma kuma Auta ke kai shi can ƙarshen gari, ƙarƙashin wata bishiya kusa da tsohon ofishinsu, inda abokansa ke zama a benci suna gyara duniya.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai gaya wa kowa ba, ya ci gaba da tuƙi da tunani, tunda ya san ramukan titin fiye da waɗanda suka bar su. Asirinsa ya tonu ranar da ya tsaya yana danna wa wata ganga ham, yana jiran ta ba shi hanya. Da ta ƙi, ya kewaye ta cikin fushi, ya shige bahon mai wanki.

Babba, ɗansu na fari mai shagon fenti, ya zo da yammar nan ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, ka yi haƙuri, zan ɗauke babur ɗin nan. Zan kai shi bayan shagona in ɗaure da sarƙa. Yau baho ne, gobe ba mu san mene ne ba."

Mai Wasiƙa bai yi gardama ba, kuma wannan ne ya tsorata kowa. Ya jawo kujera kusa da Auta ya zauna, hannunsa a kan tanki. Kowa a gidan ya san in babur ya tafi, benci ya tafi, abokai sun tafi, saura tsoho da bango.

Gwaggo ta cire fil ɗin bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke a hannun rigarta. Wannan abu ne da ba a cika gani ba, har Babba ya ja da baya.

"Ni zan riƙa tuƙa shi," in ji ta.

"Mama, babur fa ba keken ɗinki ba ne."

"Duk inji ne. Wannan ma ya fi sauƙi, ba a sa masa zare."

Babba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya ga ba ta mayar da fil baki ba, sai ya kafa sharaɗi. Ƙarshen wata za ta tayar da Auta a ƙofar gida, ta je gidan mai, ta sha mai, ta dawo, ita kaɗai. Ba wanda zai taɓa mata babur ɗin, musamman Baba. In ta yi, Auta ya zauna. In ba ta yi ba, sarƙa.

Aka fara karatu a filin ƙwallo da ke bayan makaranta. Kowace safiya Mai Wasiƙa kan fito da Auta daga zaure, ya goge shi tun daga fitila har salansa, ya bi ƙarƙashin tanki da tsumma, sannan su tura shi zuwa fili, ita a gaba tana nuna hanya, shi a baya yana ba da umarni. Da hannu ya koya mata, yana ɗora yatsunta a kan kowane abu.

"Wannan na hagu kuloci ne, a hankali ake sakinsa, kamar kina ajiye jariri mai barci. Wannan na dama totur ne, in kin murɗa ya tafi. Gabansa birkin gaba. Ƙafar dama birkin baya, ƙafar hagu giya. Kafin ki buga kik, ki tabbata yana firi, in ba haka ba zai tafi ya bar ki."

"Na ji, Malam. Sai ka ce ban taɓa ganin ƙarfe ba."

Ta ga ƙarfe kam, kuma nan ne matsalar take. A keken ɗinki, ƙafa ce ke tafiya, hannun dama ke tsayarwa. In kana son sauri sai ka kaɗa ƙafafu, in kana son tsayawa sai ka danne wilin keken da tafin hannu. Jikin Gwaggo ya yi shekaru yana bin wannan doka, kuma ba ya karɓar gyara daga wani tsohon mai wasiƙa. Da ta so ƙara sauri sai ƙafafunta suka fara kaɗawa, ta dama tana taka birki, ta hagu tana sauya giya sama da ƙasa, Auta yana tsalle kamar akuyar da aka ɗaure. Da ta so tsayawa sai ta danne hannun dama da ƙarfi, totur ya murɗe, Auta ya yi kururuwa ya nufi ragar gola.

"Saki hannu! Saki hannu!" Mai Wasiƙa yana ihu, yana kallon wani ɓangare dabam.

"Ai tsayar da shi nake yi!"

Ragar ce ta tsayar da su. Aka ciro Gwaggo daga cikinta tana dariya har da hawaye, tana duba ɗinkin ragar tana cewa wanda ya yi shi bai san aiki ba.

A ranar ne Mai Wasiƙa ya shafo gefen mayafinta yana lilo kusa da tayar baya, ya ce ba za ta ƙara hawa da shi ba, don taya ba ta san girman kowa ba. Gwaggo ta koma ɗaki ta ɗinka wando mai faɗi da ya matse a idon sawu, da gajeren mayafi da ke shigewa cikin riga. Ta ɗora hular kwanon mijinta a kai, ta yi mata girma, ta yi mata shafi da soso. Ranar da ta fito a haka, mai shago ya gaishe ta da "sannu da aiki, ofisa."

Ta ƙirƙiro wa kanta karatu, tana yi tana wanke-wanke, tana yi tana shara: hannu tafiya, ƙafa tsayawa, a saki totur kafin birki. Karatun ya shiga sosai, har ya wuce inda aka aike shi. Wata rana tana ɗinkin rigar wani malamin makaranta, ta so tsayawa, ta taka feda da ƙarfi, ta ɗinke masa hannun riga ruf. Ta gaya masa sabon yayi ne. Bai yarda ba, ta farke.

Safiyar da ta fara zagaye filin ba tare da tsalle ba, duk wanda ke kusa ya ji. Ta shiga giya ta biyu, iska ta bugi fuskarta, sai ta fara ihu.

"Malam! Malam! Ashe haka kake ji duk shekarun nan ba ka faɗa ba!"

"Dubi gabanki!"

"Ina kallo! Wayyo daɗi! Malam, akwai ta uku?"

"Babu! An cire!"

Ta gano ta ukun da kanta. Daga ranar ba a ƙara samun Gwaggo da natsuwa ba. Tana auna wa mutane tsawon riga tana yin ƙarar babur da baki, fil da komai. Ya koya mata ladabin gidan mai kuma: a kashe inji, a sauka, kada a cika tanki har baki, in ya zuba a goge kafin a tayar, kuma a nisanci duk mai sigari ko da surukinki ne.

Ranar gwaji unguwa ta fito kamar an raba takardar gayyata. Mai wanki ya janye bahonsa cikin gida tun da wuri. Babba da kansa ya fito da Auta daga zaure, ya zaunar da mahaifinsa a bencin ƙofar gida, ya zauna kusa da shi.

"Bari in ɗan goge shi," in ji Mai Wasiƙa, yana laluben tsumma.

"Baba, mun yi magana."

"Gogewa kawai."

"Ƙura ba ta hana tafiya."

Gwaggo ta ɗaure hula, ta duba firi, ta buga kik. Auta ya tashi a bugu na farko. Ta kama kuloci, ta sa giya, ta ajiye jaririn a hankali, ta tafi sumul. Mata suka yi shewa. Ta wuce mai shago, ta wuce falwaya, ta kusa kwanar mai faci. A nan Auta ya yi tari, ya sake tari, ya mutu.

Mai Wasiƙa bai ga komai ba, amma ya ji tarin, kuma ya san ko na mene ne. Ya buɗe baki, ya ji hannun ɗansa a kan gwiwarsa, ya rufe.

Mai faci ya rugo da sifana. "Gwaggo, bari in duba fulogi."

"Ka taɓa shi in ɗinke maka aljihu. Koma inuwa."

Ta buga kik har gumi ya zubo daga cikin soson hular. Auta ko tari ya daina. Ta kashe makulli, ta kafa babur, ta buɗe tanki ta girgiza. Ga mai yana motsi. Ta rufe, ta tsaya ta riƙe ƙugu, mutane suna ta ba ta shawara daga nesa, kowa da tasa.

Ba ta san cikin babur ba, amma wannan cutar ta san ta. Keken da ya yi ɗinki kaɗan ya tsaya alhali zare cike yake a sama, to zaren ya maƙale ne a wani wuri tsakanin sama da allura. Ba a kiran kowa, ba a kwance komai. Yatsa ake sawa a bi zaren. Ta durƙusa ta nemi inda mai ke fita daga tanki, ta sami wani siririn tiyo baƙi da ya gangara zuwa inji. A daidai wuyansa, a ɓoye ƙarƙashin tanki, ga wani ɗan famfo, hannunsa a gicciye kamar na famfon ruwan da aka rufe. Ƙarfensa yana ƙyalli, ya sha yatsa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya shi ya miƙe, ta jira kaɗan mai ya sauka, ta kunna makulli, ta buga kik.

Auta ya yi ruri. Mai faci ya jefa sifana sama ya manta zai sauko. A can benci Mai Wasiƙa ya miƙe tsaye yana tafi, yana fuskantar gidan maƙwabta.

Mai ba da mai ya shaida daga baya cewa ta kashe inji, ta sauka, ta hana shi cikawa har baki, kuma ta kori wani direba mai sigari da ba ta taɓa gani ba. Ta dawo tana danna ham tun daga kwana, ta saki totur, ta tsaya daidai ƙofar gida da birki biyu, ƙafafunta shiru kamar ba na tela ba.

Babba ya ɗaga hannu sama. "Shi ke nan, Auta ya zauna. Amma wa ya rufe famfon mai?"

"Ni," in ji Mai Wasiƙa. "Kullum in na ajiye shi sai na rufe, kada ya ɗiga a zaure ga murhu kusa. Da safe in buɗe. Abin da ya rage a cikin inji ne ya kai ta kwana."

"To Baba, ka koya mata kuloci, ka koya mata giya, me ya hana ka nuna mata wannan? Saura kaɗan ka rasa babur ɗin!"

Tsohon ya murza tsumman da ke hannunsa. "In na nuna mata, ni kuma me zan riƙa yi da safe?"

Ba wanda ya yi dariya. Gwaggo ta cire hula, ta zaro fil daga hannun riga ta mayar baki, ta ce ita wani abu kawai ta taɓa, ba ta ma tuna wajen ba.

Har yau ba ta tuna ba. Kowace yamma takan hau Auta ta ɗaure hula, ta ɗaure wa mijinta sabuwar da Babba ya kawo, sannan ta ce, "Malam, abin nan naka." Shi kuma ya sunkuya da muhimmanci, ya lalubi ƙarƙashin tanki, ya buɗe, ya hau baya. Na lura kafin ta buga kik takan sauke yatsa ɗaya ta shafi wajen, wai tana gyara wando. Daga nan sai benci, yana gaya mata ramukan da ke gaba, tana gaya masa waɗanda aka cike.

Ƙorafinta ɗaya yanzu, keken ɗinki ba shi da giya ta uku.